Kurakuran da masu aikin bishara na sa kai suka fi yi a ƙauyukan ƙetare

An yi watanni ana tara baiko, ikkilisiya ta yi addu'ar sallama, 'yan'uwa goma sha biyu sun hau jirgi za su yi mako biyu a wani ƙauye na wata ƙasa. Ba na shakkar niyyarsu. Sai dai yawancin ɓarnar da ake yi a irin wannan tafiya masu kyakkyawar niyya ne ke yin ta, domin sukan manta cewa ƙauyen yana da masu shi, kuma su ne za su zauna da abin da aka bari bayan baƙi sun tafi.

Tun a gida ake fara kuskure: a zauna a yanke cewa gini za a yi, ko fenti, ko rijiya, sannan a sanar da faston can. Shi kuwa kunyar baƙo ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A fara magana da shi da dattawan ikkilisiyar watanni kafin tafiya, a ji ta bakin mata su ma, kuma a tambaye su aikin da suka riga suka fara da kansu wanda ya tsaya musu. A lissafa kuɗin tikiti da masauki, a ajiye kusa da kuɗin aikin. Wani lokacin lissafin zai ce mutum uku su je, sauran kuɗin a aika. In gini ne, a ɗauki maginan ƙauyen a biya su, baƙi su zama leburorinsu. Ɗalibin da bai taɓa riƙe cokalin gini ba, in ya ɗora bulo a karkace, ya hana magini ladan kwana goma, ya kuma bar masa aikin rushewa.

Rijiya ta fi komai ruɗar mutane saboda hotonta yana da kyau. Kiyasi daban-daban sun nuna cewa tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan hannu a ƙauyukan Afirka kudu da Sahara ba sa aiki, sau da yawa don babu mai gyara ko babu kayan gyaran a kusa. A Bangaladesh an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse tun daga shekarun 1970, sai a 1993 aka tabbatar akwai gubar asinik a ruwan da yawa daga cikinsu. Don haka kafin a haƙa a san wa zai kula da famfon da inda kuɗin gyara zai fito, bayan an haƙa kuma a kai ruwan gwaji kafin kowa ya sha.

A wajen magani ne kuskure ke cin rai. Wanda ba a yarda ya yi allura a ƙasarsa ba, ƙetare teku bai mai da shi likita ba. A Jinja ta Uganda wata Ba'amurkiya da ba ta yi karatun likita ba ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa. Yara 105 suka mutu a wurin tsakanin 2010 da 2015, magana ta kai kotu, aka sasanta a 2020. Ko likitan gaske ma yana bukatar izinin hukumar lafiyar ƙasar, kuma ya yi aiki ƙarƙashin asibitin yankin, domin mai hawan jini da aka ba maganin wata ɗaya yana bukatar inda zai koma a wata na biyu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kyautar magunguna ita ce su iso da aƙalla shekara ɗaya kafin wa'adinsu ya ƙare, da rubutu a harshen da ma'aikatan lafiyar wurin ke karantawa. Ragowar magungunan da aka tattaro daga gidajen masu bi, a bar su a gida.

Gidan marayu kuma shi ne wurin da zuciya ta fi rinjayar hankali. Ƙungiyoyin kare yara sun daɗe suna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su. Inda baƙi ke zuwa da kuɗi, gidajen sai su yawaita, har a riƙa bin ƙauyuka ana nemo yara. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010 an kama Amurkawa goma 'yan mishan suna shirin tsallakawa Jamhuriyar Dominika da yara 33 ba da takardu ba, daga baya ta bayyana da yawansu iyayensu na nan. A 2018 Ostireliya ta lissafa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani. Ko a gidan da ake riƙe da gaskiya, yaron da ya saba da sabuwar fuska kowane mako biyu, ta rungume shi ta tafi, rabuwa kawai yake ta koya. Wanda yara suka tsaya masa a rai ya tallafa wa iyali da makaranta ta hannun ikkilisiyar wurin, kuma kada baƙo ya keɓe da yaro shi kaɗai, kowane ne shi.

Sai bisharar kanta. In aka raba kaya bayan wa'azi, kowa zai ɗaga hannu, a koma gida a ce mutum ɗari uku sun ba da gaskiya. A Asiya tun da daɗewa akwai suna ga wannan, Kiristocin shinkafa. Kada a haɗa taimako da kiran tuba: mai bukata ya samu ko ya saurara ko bai saurara ba, rabon kuma ya bi ta hannun shugabannin wurin, ba tare da taro da kyamara ba. Henry Venn da Rufus Anderson, shugabannin ƙungiyoyin mishan, sun koyar tun ƙarni na 19 cewa ikkilisiya ta mulki kanta, ta ɗauki nauyin kanta, ta yaɗa bishara da kanta, kuma baƙon da ya karɓe bagade duk Lahadin da yake garin ya saɓa wa wannan. Sai da ɗan gari ake cin gari. In an ba ka dama ka yi magana, ka taƙaita, ka zauna da tafinta tun daren jiya ku bi saƙon tare. A Luka sura 10, da Yesu ya aiki almajirai biyu-biyu, ya hana su jaka, ya ce su zauna gida ɗaya su ci abin da aka sa musu. A matsayin masu bukatar mai gida ya aike su, mu kuwa mukan iso da akwatuna.

Doka ma a bincika. A Nefal, tun 2018 jawo mutum ya sauya addini laifi ne mai ɗaurin da zai kai shekara biyar, a Indiya kuma bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aikin mishan. Baƙo iyakarsa a kore shi, faston da ya sauke shi ne zai amsa tambayoyi.

Hoto: a nemi izini, kada a ɗauki mara lafiya ko yaro tsirara, kada a sa sunan ƙauye a intanet inda masu bi ke cikin haɗari. Alkawari kuwa kaya ne. "Zan biya maka makaranta" da aka faɗa cikin hawayen ban kwana, yaron zai riƙe ta shekaru. Wanda bai shirya ba ya yi shiru, wanda ya shirya ya bi ta wurin fasto.

Allurar rigakafin ciwon shawara sai ta kwana goma takardarta ke fara aiki, don haka ba abin yi ba ne ana gobe tafiya. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kuma ana ci gaba da shansa bayan dawowa, wani mako ɗaya, wani mako huɗu, kuma a nan mutane suka fi sakaci. Wanda zazzaɓi ya kama bayan ya dawo ya gaya wa likita ƙasar da ya je tun kafin a tambaye shi.