Kurakuran da Kamfanoni Matsakaita Suka Fi Yi Wajen Zaɓen Manhajar Tafiyar da Kasuwanci

Idan kamfani ya bunƙasa har akanta da mai kula da sito da masu sayar da kaya kowa yana riƙe da lissafinsa daban a Excel, sai a fara maganar sayen manhaja guda wadda za ta haɗa kuɗi da kaya da albashi wuri ɗaya, wato ERP. A nan ake yin kuskuren farko, domin shugabanni sukan fara da tambayar wane suna ne ya fi girma, ko SAP Business One, ko NetSuite ta Oracle, ko Business Central ta Microsoft, ko Odoo. Kamata ya yi a fara zama da ma'aikata a rubuta yadda kaya suke shiga sito, yadda ake ba dillalai bashi, da yadda ake karɓar kayan da aka mayar, sannan a nemi mai sayar da manhajar ya gwada waɗannan ayyuka da ainihin bayanan kamfanin maimakon misalan da ya shiryo daga ofishinsa.

Kuskuren da ya fi cin dukiya, a ganina, shi ne nacewa sai an sauya manhajar ta bi kowace tsohuwar al'adar kamfani. Kamfanin manyan kantuna na Lidl da ke Jamus ya fara aikin kafa manhajar SAP a 2011, ya yi watsi da shi a 2018 bayan ya kashe kimanin Yuro miliyan 500. Daga cikin dalilan da aka bayyana akwai cewa Lidl yana ƙiyasta kayan sitonsa da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa, kuma maimakon kamfanin ya sassauta sai aka yi ta gyare-gyare har abin ya gagara. Kamfani matsakaici ba shi da ƙarfin jure irin wannan asara. Saboda haka a ware al'adun da su ne sirrin ribar kamfani a riƙe su, sauran kuwa a bi tsarin da manhajar ta zo da shi.

Ana kuma yawan duban kuɗin lasisi kaɗai, a manta da ladan masu kafawa, da horar da ma'aikata, da tsabtace tsofaffin bayanai. Kamfanin da ke Najeriya ya duba ko da dala ake biyan kuɗin shekara, ganin yadda darajar naira ta faɗi tun daga Yunin 2023, ya kuma tabbatar manhajar tana fitar da harajin VAT na kashi 7.5 daidai. Na Nijar da Kamaru da Chadi kuwa su tambaya tun farko ko tana bin tsarin lissafi na SYSCOHADA, wanda kamfanonin waɗannan ƙasashe suke bi.

Lokacin fara aiki ma yana da muhimmanci. Kamfanin cakulan na Hershey a Amurka ya koma sabon tsari a Yulin 1999, daidai lokacin da odar bikin Halloween, wanda ake yawan sayen alewa da cakulan dominsa, take shigowa, ya kasa isar da kaya na kimanin dala miliyan 100. Mai masana'antar abinci ko sutura a Kano bai kamata ya sauya tsari ana gab da azumi ko Sallah ba. Ya zaɓi watan da kasuwa ta lafa, ya fara da sashen kuɗi da sito, ya bar tsohon tsarin yana aiki har sai lissafin wata guda ya yi daidai a tsohon tsarin da sabon.