Yadda Ake Tace Saƙon Murya Kafin A Tura Shi Zauren WhatsApp

A Maraɗi yanzu labari da murya yake yawo. Farashin tiyar gero, canjin naira, halin da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya take ciki, duk a odiyo suke zuwa. Illar odiyo ita ce ba ya ɗauke da ranar da aka yi shi. Lokacin da kake gani a ƙasansa, lokacin da aka turo maka shi ne kawai.

Fara da duba saman saƙon. Kibiya ɗaya na nufin turo shi aka yi, mai aiko maka ba shi ne mai muryar ba. In kibiya biyu ce, ya bi hannu aƙalla biyar, shi ya sa WhatsApp ba ya barin a tura irinsa sai wuri ɗaya a lokaci guda.

Sannan ka saurare shi har ƙarshe. A nan mutane suke faɗuwa: su ji sallama da "jama'a a yi hattara", kafin minti ɗaya ya cika sun watsa shi zaure uku. Kunnenka ya nemi abu uku: wane ne mai magana, a wane gari, wace rana. "Jiya da dare" ba rana ba ce. "Jiya" ɗin na iya zama na damanar bara, ya kwanta a wayar wani, ya sake tasowa. "A nan garinmu" ma ba gari ba ne. Hausa ɗaya ake yi a Madarunfa da Katsina, muryar da aka ɗauka a ƙetaren iyaka sai a jingina ta ga ƙauyenku. Wanda ya ce "wani jami'i ne ya faɗa mini" bai ambaci kowa ba. In ɗaya cikin ukun ya ɓace, saƙon ya tsaya a wayarka.

In duk sun cika, saura kira. Labarin hanya, kira direba a tasha. Labarin farashi, kira mai awo a kasuwa. Kiredin minti biyu bai kai asarar wanda ya zubar da buhunansa da araha saboda jita-jita ba.

Kai ma in za ka yi odiyo, buɗe da sunanka, garin da kake, da kwanan wata cikakke har da shekara. Kada ya wuce minti ɗaya, kuma adadin kuɗi ka rubuta shi a ƙasa, ka faɗi ko sefa ne ko naira.

In ka riga ka tura ƙarya, goge wa kowa. WhatsApp na ba da kusan kwana biyu. Gogewa kaɗai ba ta isa ba, wasu sun riga sun ji, don haka yi gyara a zauren da bakinka. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, a 2024 kuma aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, aka kuma tsananta hukuncin yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a.