Yadda ake magance zafin laftof idan an jona mata babban allo

A watan Maris, lokacin da zafin Accra yake kan ganiyarsa, ɗan yayata ya shigo shagona a Nima rungume da laftof ɗinsa, gumi na zuba. Sana'arsa zanen katin biki da fastocin suna da na walima, kuma don aikin ya yi masa sauƙi ya je kasuwar Circle ya sayo monita, wato babban allon kwamfuta, mai inci 27. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, tun ranar da na jona monitar nan fanka ba ta huta ba. Jiya ina tsakiyar aikin mutane kwamfutar ta mutu da kanta." Na kai hannu ƙasan kwamfutar, sai na ji kamar murfin tukunyar waakye da aka sauke yanzu. Shi ya riga ya gama yanke hukunci cewa an sayar masa da monita marar kyau, mayarwa zai yi. Monitar kuwa lafiyarta ƙalau.

Monita tana da tata wutar, ba ta turo zafi ta cikin waya. Abin da take yi shi ne ƙara wa laftof aiki. Allon da ke nuna 1920 da 1080 yana da ɗigon hoto sama kaɗan da miliyan 2, shi kuwa mai 4K, wato 3840 da 2160, ya haura miliyan 8. Kowane ɗigo sai katin hoto, wato sashen kwamfutar da ke fitar da hoto a allo, ya zana shi, galibi sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, ga kuma allon laftof ɗin kansa da ake ci gaba da zanawa. Injin da dama da ƙyar yake numfashi saboda ƙura, ka ɗora masa wannan kaya, dole ya yi zafi. Don haka gyaran kashi biyu ne, rage masa kaya da buɗe masa hanyar iska, kuma mafi yawansa ba sai ka kashe ko sidi ɗaya ba.

Fara da awo, kada ka dogara da tafin hannu. Sauke manhajar auna zafi ta HWMonitor ko HWiNFO, duka kyauta ne. Cire wayar monita, ka yi aikinka na yau da kullum na minti 10, ka rubuta zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da na katin hoto a takarda. Mayar da wayar, ka maimaita aikin nan dai na wasu minti 10, ka sake rubutawa. A ɗakunanmu na Zango da ba su da na'urar sanyaya ɗaki, digiri 50 zuwa 60 ba tare da aiki mai nauyi ba abu ne da aka saba gani, 80 da ɗoriya kuma a lokacin aiki mai nauyi bai kai abin tayar da hankali ba. Amma yawancin firosesar Intel iyakarta wajen digiri 100 ne, idan ta kusanci nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, idan abin ya ƙi sai ta kashe kwamfutar. Wannan takarda ita za ta nuna maka hanya. In zafin yana nan ko babu monita, ƙura ce ko busasshen man sanyaya firosesa, ka tsallaka zuwa batun buɗe kwamfutar. In kuwa sai an jona yake tashi, to saiti ne da wurin ajiya.

Wurin ajiyar shi ne na biyu, kuma nan aka fi yin kuskure. Da na bi yaron gida na tarar ya rufe murfin laftof ɗin, ya ɗora ta a kan ninkakkiyar darduma, ya tura ta can jikin bango bayan monita don teburi ya yi kyau. Laftof da yawa ta ƙasa suke shaƙar iska, su fitar ta gefe ko ta wajen maɗaurin murfi, wani zafin kuma ta tsakanin madannai yake fita. Darduma ta toshe ƙasa, bango ya toshe baya, murfi ya toshe sama. Ka ɗora ta a kan katako ko gilashi, ban da katifa, filo ko cinya. Ka ɗaga bayanta da marfin robar ruwa guda biyu, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, ka bar murfin a buɗe. In babban allon kaɗai kake so, danna madannin Windows tare da P, ka zaɓi "Second screen only". Ƙaramin allon zai mutu, aikin zane ya ragu, iska kuma ta samu hanya. Faifan sanyaya mai fanka da ake sayarwa a Tip Toe Lane da ke Circle yana taimakawa, amma ni ban cika gaggawar tura mutum saye ba, domin rabin amfaninsa ɗagawar nan ce da marfin roba ya riga ya yi maka.

Daga nan sai saitin allon. Shiga Settings, sai System, sai Display, ka zaɓi babban allon, ka gangara zuwa "Advanced display". Za ka ga yawan sabunta hoto, wato sau nawa ake sake zana allon a daƙiƙa ɗaya. In yana kan 144 ko 165, mayar da shi 60. Mai buga wasan kwamfuta ne ke cin moriyar 144, amma mai rubutu ko lissafi ko zanen kati wahalar da inji kawai yake yi. In HDR, saitin ƙara hasken launi, na kunne, kashe shi. Rage 4K zuwa ƙasa shi ma yana sauke zafi, sai dai rubutu kan ɗan dushe, saboda haka ka bar shi sai in sauran ba su wadatar ba.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ya fi cin yaron nan. Manyan laftof, irin na wasa da na masu zane da ke zuwa mana cikin kayan gwanjo, katin hoto biyu gare su. Akwai ƙarami da ke cikin firosesa, mai shan wuta kaɗan, akwai babba na Nvidia ko AMD da ya kamata ya yi barci sai an buƙace shi. To a yawancinsu, ramin HDMI, inda ake soka wayar monita, kai tsaye yake haɗe da babban. Da zarar ka soka waya ya farka, kuma ba zai sake runtsawa ba ko da wasiƙa kawai kake karantawa. Don ka tabbatar, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka dubi GPU 0 da GPU 1, wato katunan hoton nan biyu, kafin ka jona da bayan ka jona. In Nvidia gare ka, buɗe Nvidia Control Panel, a shafin PhysX akwai zane da ke nuna wane rami ke bin wane kati. A wasu kwamfutocin ramin USB-C ta ƙaramin kati yake bi, kuma in naka yana fitar da hoto, sauya waya kaɗai na iya kawo ƙarshen maganar. In babu wannan dama, shiga "Manage 3D settings" ka tabbatar "Power management mode" ba ya kan "Prefer maximum performance", domin wannan zaɓin yana sa katin ya riƙa gudu ko babu wanda ya kore shi. Sannan a Settings, ƙarƙashin Display, akwai Graphics, inda za ka sa Chrome da Word da makamantansu a kan "Power saving". Ka sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke tafiyar da shi, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Kuma ka yi hattara da 'yan adaftocin nan da ke fitar da hoto ta ramin USB na gargajiya, firosesa suke sa wa aikin matse hoton, zafi ya ƙaru.

Ita ma firosesa ana iya ja mata linzami. A Control Panel, shiga Power Options, sai "Change plan settings", sai "Change advanced power settings". Nemo "Processor power management", ka mayar da "Maximum processor state" daga 100 zuwa 99. Kashi ɗaya ne a ido, amma a kwamfutoci da yawa yana hana firosesa yin tsallen gudun nan da Intel ke kira Turbo Boost, wanda shi ne ke haifar da zafi mafi tsanani. Za ka ɗan rasa sauri wajen haɗa bidiyo, amma a sauran ayyuka da wuya ka lura. In ba ka ga wannan zaɓi a taka ba, sa "Power mode" a kan "Balanced" ko "Best power efficiency".

Caji ma zafi ne. Idan an ɗauke wuta batir ya zube, aka dawo da ita ka jona caja da monita lokaci guda ka hau aiki mai nauyi, wuta biyu ka hura a murhu ɗaya. Ka ba batir ɗin rabin awa ya ɗan cika tukuna. Wanda kullum kwamfutarsa ke kan teburi a jone, ya duba manhajar kamfanin kwamfutarsa, kamar Lenovo Vantage ko MyASUS ko Dell Power Manager, ya taƙaita caji kada ya riƙa kaiwa 100. Cajar jabu kuma a rabu da ita.

Saura ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a garin nan, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya san yadda take kwanciya a kan komai, kuma fankar laftof zuƙarta take yi dare da rana. In kwamfutar tana da garanti, kai ta inda ka saya. In babu, kashe ta, cire caja, kwance sukurorin ƙasa ka jera su a kan takarda yadda suke, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Kafin ka taɓa komai, zare wayar batir daga jikin allon injin. Tsakanin fanka da ƙofar fitar iska akwai wasu siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji. A ta ɗan yayata, abin da na zaro daga nan da ɗan hantsaki ya fito a dunƙule, toka-toka, kamar an yanko gefen bargo. Share da busasshen buroshi mai laushi. In za ka hura iska, danne fankar da yatsa kada ta juya, gudun da ya wuce kima yana lalata ta.

Kwamfutar da ta shekara uku ko huɗu ba a taɓa buɗe ta ba, mai yiwuwa man da ke tsakanin firosesa da bututun jan ƙarfe ya bushe ya zama kamar alli. Kwance sukurorin bututun bisa lambobin da aka rubuta a jikinsa, goge tsohon man da sifirit da ƙyalle marar gashi, ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ka mayar ka ɗaure a hankali, kusurwa da kusurwa. Wanda hannunsa bai saba ba ya kai wa mai gyara, ya tsaya a yi a gabansa. Kuma in ka buɗe ka ga batir ya kumbura kamar burodi, ko wurin shafa yatsa ya turo sama, kada ka danna shi, kada ka soke shi, kada ka sake sa caji. A canza shi a ranar.

Da muka rufe ta yaron, muka ɗaga bayanta, muka mayar da allo 60, muka sa 99 ɗin nan, sai ya buɗe fastar da ta kashe masa kwamfuta jiya. Awon da ke haura 90 ya tsaya a 70 da 'yan kai. Ya kara kunne jikin fankar ya ce, "Kawu, anya tana juyawa kuwa?" Na ce ya sa hannu a ƙofar iskar. Monitar tana nan a teburinsa, dardumar kuma ta koma wurin salla.