Aiki daga gida a lokacin dokar hana fita: inda muke yawan tuntuɓe

A ƙarshen Maris na 2020 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna saboda korona. A Agustan 2024 ma an sake kulle Kaduna da Zariya lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Duka biyun a ɗakina na Unguwar Rimi na yi su, kwamfuta a kan cinya, kuma kusan kurakuran da na yi a karon farko su na maimaita a na biyu.

Babbansu shi ne rashin sa wa aiki lokacin tashi. A da, cunkoson Kawo ko na titin Ahmadu Bello shi ke raba mutum da ofis, kafin ka iso gida ka huce. A gida babu wannan. Oga ya turo saƙo ta WhatsApp ƙarfe goma na dare, ka amsa nan take, to ka koya masa cewa ƙarfe goma ma lokacin aiki ne. Gobe sha ɗaya zai turo. Gyaran tun da wuri ake yin sa, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, daga takwas zuwa La'asar ina kan aiki. Abin da ya zo bayan Magariba sai da safe, in ba na gaggawa ba ne." Na daɗe ina jin nauyin faɗar haka, ashe shi ma bai damu ba, turawa kawai yake don kada ya manta.

Sai kuma tunanin cewa mutanen gida sun san kana aiki. Ba su sani ba. A wurin yaro, Baba na gida yana nufin Baba ya samu hutu. Ina tsakiyar taro ta Zoom ƙaramar 'yata ta yaye labule ta ce, "Baba, Mama ta ce gas ya ƙare," kowa na ji. Daga ranar muka yi yarjejeniya: in hulata na kaina, ina ofis, in na cire, an taso. Har uwargida ta kan leƙo ta duba hular kafin ta yi magana.

Amma kada maigida ya fake da wannan ya bar wa matarsa girki da yara da wanki, alhali ita ma tana da nata aikin a kwamfuta. Ku zauna ku raba lokaci. Ni na ɗauki karatun yara bayan Azahar, ita ta samu awa biyu ba mai kiran sunanta.

Batun wuta ba sai an tsawaita ba. In an kawo, a sa komai a caji, a fara da aikin da ke cin batir da data.

Wanda ya fi cin rai a lokacin tashin hankali shi ne bin labari. Saƙon murya ya shigo, an ce ana kaza a Tudun Wada, ka kira ɗan'uwanka, ka leƙa Facebook, kafin ka ankara an kira Azahar ba ka rubuta layi ɗaya ba. Yanzu labaran rediyo nake ji da safe da kuma dare, na rufe sanarwar guruf-guruf, na bar layin Hajiyarmu da na 'yan'uwa kawai a buɗe. Wayar kuma tana kan firji har sai na cire hula.