Shawara ga masu yaro mai lalurar galahanga (autism, lalurar da ke sa mu'amala da mutane ta yi wa yaro wuya)

Salamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya fi jawo wa yaran nan bakin jini a cikin dangi shi ne kara da kawaicinmu. Baƙuwa ta ce "na ƙoshi", yaro ya ɗauke kwanon ya tafi da shi, a ce ba shi da tarbiyya. Alhali shi maganar da aka faɗa ita ya ji. Da yawansu ba sa gane habaici, gatse ko harara, sai a fassara hakan da taurin kai.

Don haka ku riƙa faɗa masa abu kai tsaye. Maimakon "ba ka ga baƙi ba ne?", ku ce "je ka durƙusa ka ce wa Gwaggo ina wuni". Ku gwada gaisuwar a gida kafin baƙi su zo.

Ranar biki ko suna, tun da safe ku gaya masa wa zai zo, kuma yaushe za a koma gida. Ku ware masa ɗakin da babu hayaniya. In ya toshe kunne ko yana kaɗa hannu, wataƙila ƙarar ce ta yi masa yawa, ba aljanu ba ne, don Allah a daina dukansu. Gwaggon ma ku ja ta gefe ku yi mata bayani tun kafin ta yi fushi.