Yadda ake cire dalma a ruwa da ɓawon gyaɗa

Jama'a, tafasa ruwa baya cire dalma, sai ma ya ƙara ta tunda ruwan ne ke tafiya. Masu rijiya kusa da bola ko wajen masu fasa batir a Kaduna ku kula, don dalma na iya shiga ruwanku.

Ka samu ɓawon gyaɗa ka wanke, ka shanya, ka daka. Sai ka jiƙa shi a ruwan sitirik asid (sinadarin tsami irin na lemun tsami), ya bushe, ka gasa a oven digiri 120 na Celsius kamar minti 90, nan ne asid ɗin ke manne masa ya zama mai kama ƙarfe. Ka ɗauraye sosai, ka zuba a ruwan da ke da dalmar ka juya, ya jima, ka tace.

Amma don Allah kar a sha sai lab (ɗakin gwaje-gwaje) sun auna, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce kar dalma ta wuce miligram 0.01 a lita. Dusar ɓawon da ka tace kuma kar a ba dabbobi.