Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓa wa hedifon sifika da haɗa shi

Masu gyaran kayan sauti a Gusau da Birnin Kebbi na yawan karɓar hedifon daga ɗakunan ɗaukar waƙa, wasu ma su yo odar ƙananan sifikun ciki su haɗa da kansu. Mafi yawan aikin da ke lalacewa, a hannun mai haɗawa yake lalacewa.

Ruɗuwa da sunan fata shi ne kan gaba. Abin da ake so ga fatar sifika, wato siririn faifan da ke kaɗa iska, shi ne rashin nauyi da tauri, kuma ta daina rawa da zarar sauti ya tsaya. Yawanci da ledar PET, irin robar gorar ruwa, ake yin ta: tana da arha, tana sakin bes, amma takan lanƙwashe a siririn sauti. Ƙarfen berilium ya fi ta tauri nesa ba kusa ba, shi kamfanin Focal ya sa a hedifonsa mai suna Utopia a 2016. Sai dai na arha da ake tallatawa da wannan suna galibi leda ce da aka shafa wa ƙarfen sama-sama. Na gaske kuwa, in ya fashe kada a kankare shi ko a hura shi da baki, ƙurarsa guba ce ga huhu. Faɗi ma ba shi ne inganci ba. Mai milimita 40 da aka zaunar da kyau ya fi mai 50 da aka cusa.

Sai turjiyar koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa fata, wadda ake aunawa da om. Hedifon DT 770 Pro na kamfanin Beyerdynamic na zuwa da om 32, da 80, da 250. Wanda zai jona da wayar hannu ya ɗauki 32, na 250 sai da amfilifaya. A auna om ɗin kowace sifika da mita kafin a ɗaura, kuma in ɗaya ta mutu a sauya duka biyun, in ba haka ba murya ta karkata kunne ɗaya.

Wajen soda ake yin asara mai ciwo. Wayar koyil ta kai silin gashi siranta. A shafa wa bakin wayar dalma tukuna, sannan a taɓa wurin daƙiƙa biyu zuwa uku a ɗaga. Zafi na rage ƙarfin maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari da ke cikin sifika in ya wuce digiri 80, don haka barin hedifon a gaban mota cikin ranar Afrilu ganganci ne. A share tebur kuma, domin maganaɗisu na janyo ɓurɓushin ƙarfe cikin ramin koyil, sai a riƙa jin ƙarar gogayya a bes.

Juya wayoyin sifika biyu wajen haɗawa na faruwa ko ga gwani. A ɗan taɓa batir mai bolt 1.5 a kowace sifika, taɓawa ɗaya kawai: dole fatun biyu su motsa gefe guda. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, murya ba za ta tsaya tsakiyar kai ba.

Wasu kan cire takarda ko soson da ke bayan sifika wai sauti ya buɗe. Ba ado ba ne, shi ke danne rawar fata. Haka matashin kunne: gumi da zafin bazara na fasa ledarsa, iska ta zurare, bes ya gudu, a ɗora wa sifika laifi. A danna hedifon a kunne da hannu. In bes ya dawo, matashi za a sauya, kuma da irin nasa kauri.